Sandunan Dakta Pontien

A duk tudun Murehe, tun daga gonakin kofi na sama har rafin da mata ke wanki, babu wanda Allah ya zuba wa ilimi kamar Pontien Barampama. Shi da bakinsa ya faɗa, kuma mutum irinsa ba ya ƙarya sai da dalili. Shi ne mai kantin siminti da ƙusa a bakin titi. Shi ne mai a-kori-kura ɗaya tak da ke hawa tudun nan ba tare da an tura ta ba. Abin da ya fi duka, ya taɓa zuwa Beljiyam. Sati uku ya yi, wurin auren 'yar ƙanwarsa, amma in ya fara ba da labari sai ka rantse shi ya shimfiɗa musu tituna.

A can ne wata rana ruwan sama ya kore shi cikin wani kantin kayan kiɗa. Minti arba'in ya yi a tsaye yana jiran ruwa ya ɗauke. Da zai fito ya ɗauko wata takarda mai sheƙi, shafi takwas, cike da hotunan sandunan kiɗa, kowace da lambarta da kuɗinta. Tun daga ranar ya zama Dakta. Ba wanda ya naɗa shi. Ya duba hagu ya duba dama, ya ga sunan ba mai shi, ya ɗauka.

Makaɗan Murehe suka yi shi shugabansu, saboda zurfin iliminsa, da kuma cewa ganga ɗaya ta kai nauyin buhun siminti, gangunan goma sha biyu ne, Gitega kuma ba nan kusa ba ce. Dakta bai taɓa dukan ganga ba tun da aka haife shi. Yakan ce shugaba ba ya gumi.

Wanda ke gumin shi ne Ciza, mai gangar tsakiya. Shekararsa ashirin da bakwai. Daga Litinin zuwa Juma'a yana ɗaure nonon ayaba shida a bayan keke, ya gangara kasuwa birki na ƙara kamar akuyar da aka taka wa wutsiya, ya dawo yana tura keken a hawa. Bayansa ya fara magana irin ta tsofaffi. Da aka yi shela cewa za a yi gasar makaɗa a Gitega, ƙungiyar da ta ci a yi wa mutum goma sha biyu fasfo a sa su a jirgi zuwa wani babban taron kiɗa a Zanzibar, Ciza ya daina barci sosai. A ransa ya riga ya gama lissafi: in dai ƙafarsa ta taka jirgi, in dai mutanen waje suka gan shi yana tsalle a kan gangar nan, shi da ayaba sai dai a kwano. Kuma kowa ya san a lardin nan ƙungiya ɗaya ce kawai ke iya ja da Murehe, wato ta tudun Bukinga. Bara ma da ƙyar Murehe suka sha a hannunsu.

Shekara arba'in ke nan Baba Misago ke yanke wa makaɗan Murehe sanda. Ba ya tambayar ka wacce kake so. Zama yake a kan kututture yana zuƙar giyar ayaba da kara, yau, gobe, jibi, kamar ba kai yake kallo ba. In kana cikin masu riƙe kiɗa, waɗanda ke dukan fata bugu ɗaya ba canji daga farko har ƙarshe, sai ya nemo maka tsohon itacen kofi, gajere mai nauyi, wanda zai riƙa faɗawa da kansa hannunka na hutawa. In kana cikin masu amsawa, masu sauri, masu sauka daga fata su daki ƙugun ganga, itace kan itace, to gwaiba ce taka, don gwaiba lanƙwasawa take ta dawo. Na gangar tsakiya kuwa, mai tsalle yana zagaya wuyansa da sanda, sai ya auna masa daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, ya bar mariƙin da kaushi saboda gumi. Da rani yake sara. Ya rataye a saman murhun matarsa wata huɗu, hayaƙi ya shige su, sannan ya kankare da fasasshiyar kwalba. Sanda takan fito baƙa, karkatacciya, tana warin wake. Ta Ciza shekararta shida. Ta fasa fata biyu, ita ko tsagewa ba ta yi ba.

Wannan abin kunya shi ne ya daɗe yana ci wa Dakta rai.

Saura kwana biyar gasa ya kira taro a harabar coci. Ya zo da kwat da laktaye, da wani kwali a bayan mota. Ya sa aka kawo tebur, ya sa aka kawo ruwa a kofi duk da ba ya jin ƙishirwa, ya yi gyaran murya sau uku.

"Jama'ar Murehe," in ji shi, "ni na zagaya duniya. Na ga yadda waɗanda suka ci gaba ke kiɗa. Kun san abin da ya hana ƙasar nan ci gaba? Wasu za su ce talauci. Wasu za su ce rashin titi. Ni da na yi bincike ina gaya muku, sanda ce! Ta yaya za ku tsaya gaban alƙalai, gaban masu ɗaukar hoto, da ƙirare a hannu? Sanda ba suna, ba lamba, ba launi, kowa da tasa kamar haƙoran tsohuwa! A Turai akwai Bakwai-A. Akwai Biyar-A. Akwai Biyu-B. Kowane makaɗi da tasa. Ni ban zo in yi muku gori ba. Na zo ne in fitar da ku daga duhu."

Ya buɗe kwalin.

Kai, gaskiya sun yi kyau. Miƙaƙƙu kamar kyandir, sumul kamar kwalba, an yi musu ja da fari da kore, an bi da man ƙyalli har kana ganin hancinka a jiki. Wasu mata suka yi guɗa. Ciza kansa sai da ya ji wani abu.

Sai aka zo rabo. A nan ne zurfin binciken Dakta ya bayyana. Ya lura a takardarsa cewa sanduna masu kauri sun fi sirara tsada. Abu mai tsada kuma na wa ne in ba na manya ba? Saboda haka ya jera makaɗa bisa daraja. Minani, malamin coci, ɗan shekara sittin da huɗu, wanda hannunsa ya fi na kowa sauri cikin masu amsawa, aka miƙa masa wasu guda biyu kamar taɓare. Ƙanin matar Dakta ya samu irinsu. Ƙartin da ke riƙe kiɗa, manoma masu damtse kamar cinyar sa, aka ba su matsakaita don ba su da muƙami. Ciza ɗan ayaba shi ne na ƙarshe a layi. Ya karɓi nasa ya ɗaga su sama, ya rufe ido ɗaya yana dubawa.

"Ranka ya daɗe Dakta, wannan ta kiɗa ce ko ta sakace?"

"Bakwai-A ce. Kai, aji nawa ka yi a makaranta?"

"Huɗu, Dakta. Amma na huɗun sau uku na yi shi, na iya shi sosai."

"To ka rufe baki a gaban ilimi."

Akwai wata guda ɗaya da ta rage a kwalin, doguwa, an sa mata hular tagulla a kai. Wannan ta shugaba ce. Ba ta dukan komai, nuni ake da ita.

Duk wannan abu Baba Misago na kan kututturensa. Ya miƙa hannu aka ba shi ɗaya. Ya sansana. Ya ƙwanƙwasa da farce ya kai kunne. Ya sake sansanawa.

"Wa ya rasu?" ya tambaya.

"Kamar yaya wa ya rasu, Baba?"

"Katakon Zacharie ne wannan."

Aka kwashe da dariya, don babu wanda bai san Zacharie ba, kafintan da ke bayan kasuwar Gitega, mai akwatunan gawa. Aikinsa na da kyau ƙwarai. Farin katako yake sayowa mai taushi, ya goge, ya shafa mai ya yi ƙyalli, kuma a shekara ashirin ba wanda ya taɓa dawowa ya ce akwatin bai yi ƙarko ba. Shi ne kaɗai mai injin da ke juya katako yana fere shi, shi ya sa Dakta ya kai masa aikin, shi kuma ya tattara guntayen da suka rage masa ya fere.

Dakta bai yi dariya ba. Ya nuna tsohon da sandarsa mai hula.

"Baba, muna girmama ka. Ka yi zamaninka. Amma inji ya fi kwalba. Daga yau an sallame ka da godiya. Ku kuma, kowa ya kawo ƙirarensa nan. Wanda bai kawo ba, ya ɗauki gangarsa a ka ya taka zuwa Gitega."

Kowa ya tuna hawan da ke bayan gada a hanyar Gitega. Ɗaya bayan ɗaya suka ajiye, Dakta ya zuba a buhu ya kai kantinsa ya kulle tare da siminti. Ciza ya ce tasa na gida, ya manta.

Minani ya tambaya cikin ladabi ko za a gwada sababbin yanzu, hannu ya saba.

"A gwada? Fentin ya goge kafin ranar? Malam, ina ganin ka da hankali." Ya mayar da su kwali ya rufe. Sauran kwanakin suka yi gwaji da tafin hannu a kan cinya, Dakta na gaba yana kaɗa musu sandar tagulla, yana cewa haka ake yi a Turai, wai shi kiɗan zuci.

Ranar Asabar da safe aka loda ganguna. Dakta ya tsaya a bakin mota yana lalube kowa kamar jami'in kan iyaka. Ciza ya zo yana tafiya a miƙe, ƙafar dama ba ta lanƙwasawa.

"Me ya samu ƙafar?"

"Keke ne, Dakta. Jiya na faɗi."

"Ayya. To hau."

Ciza ya kama ƙarfe, ya ɗaga ƙafar hagu, ya ja ta dama. Ta ƙi. Ya sake ja. Wani abu ya zame daga cikin wandonsa ya faɗo ƙasa, ƙwal, ɗaya ta biyo ta, ƙwal. Baƙaƙe, karkatattu, masu warin wake.

"Ikon Allah," in ji Ciza. "Ka ga abin da ke damun ƙafar ashe."

Dakta ya ɗauke su da yatsu biyu kamar mataccen ɓera, ya miƙa wa matarsa da ta fito rakiya. Ciza ya bi su da kallo har mota ta sha kwana.

Filin ƙwallo ya cika. Alƙalai uku a ƙarƙashin rumfa, mace ɗaya mai tabarau a tsakiya. Bukinga suka fara. Shugabansu wani tsoho ne mai ido ɗaya, Karenzo, wanda ya shekara talatin yana zagin Murehe a kowace kasuwa. Suka yi kiɗa mai kyau, ba laifi, amma Ciza ya ji inda suka yi sanyi a tsakiya, ya ji mai tsallensu ya gaji da wuri. Ana iya cin su. Ko da sakace ana iya cin su, in dai sakacen ya yi minti ashirin.

Murehe suka shigo da ganguna a ka, suna tafe suna duka. Rana ta haska sandunan, ja da fari da kore suna walƙiya, fili ya ɗauki ihu. Dakta na gaba da kwat, yana ɗaga wa jama'a hannu kamar shi ya ƙirƙiro rana. Minti uku na farkon nan, a ba shi haƙƙinsa, babu mutumin da ya kai shi daraja a ƙasar nan.

Sai aka sauke ganguna aka yi da'ira. Masu amsawa suka sauka daga fata suka daki ƙugu.

Ƙas!

Sanda ta farko ta tafi. Rabi a hannu, rabi a sama. Kafin ta sauko ta biyu ta bi ta. Ƙartin da ke riƙe kiɗa suka ɗora ƙarfinsu na kullum a kan katakon Zacharie, katakon ya yi abin da aka san shi da shi, ya kwanta. Waɗanda tasu ba ta karye ba, gumi ya hau man ƙyalli, sanda ta riƙa zamewa kamar tarwaɗa. Ɗaya ta tashi ta haye kan alƙalai ta faɗa tukunyar wata mai sayar da wake. Minani, bawan Allah, yana ɗaga taɓarensa da ƙyar, yana amsa kiɗan da aka yi tun ɗazu.

Dakta ya bi gefen fili a guje, laktaye a kafaɗa.

"A hankali! Ku daka a hankali! Ba turmi ba ne! Kayan Turai lallaɓa su ake yi!"

Ciza ya faɗa tsakiya. Ya yi tsalle har gwiwa ta taɓa ƙirji, ya zagaya wuyansa da Bakwai-A, ya sauke ta a fata da duk abin da ke ransa. Ta rabu uku. Ta hagu ta jira bugu biyu don kara, ita ma ta bi. Ya tsaya da guntaye kamar tsawon yatsa. A bayansa kiɗa na ramewa: ganga goma sha biyu ta koma takwas, takwas ta koma biyar. Ya ci gaba da guntayen. Da suka ƙare ya ci gaba da dunƙulen hannu, sartse a tafinsa, jini ya fara ɗiga a fata. Ya san jirgi na tashi ba shi. Amma a ce ganga ta yi shiru mutum na tsakiyar da'ira yana rawa, wannan abu ne da jikokinka za su ji a kasuwa.

Tsoho Karenzo ya miƙe daga inda Bukinga ke zaune. Ya tofar da yawu.

"'Yan banzan Murehe," ya ce da ƙarfi. Ya juya ga mutanensa. "Me kuke kallo? Ku jefa musu! Ganga za ta mutu a gabanmu muna zaune?"

Sanduna suka yi ta shigowa ta sama, baƙaƙe, karkatattu. Kowa ya cafe, ya auna a hannu, ya miƙa wa na kusa in ba irin tasa ba ce, mai nauyi ga masu riƙewa, mai lanƙwasa ga masu amsawa, ba wanda ya tsaya tambaya. Minani ya yar da taɓarensa kamar wanda aka sauke wa aljani. Karenzo da kansa ya cillo wa Ciza tasa. Gwaiba ce, mariƙinta da kaushi.

"Ba su da lamba!" Dakta na ihu. "Alƙalai, ku shaida, waɗannan ba namu ba ne!"

Ba wanda ya ji shi. Minti biyar da suka rage, ƙasa ta yi rawa. Ciza ya yi tsallen da bai taɓa yi ba, ya yi wanda bai san ya iya ba, mata suka cire ɗankwali suna kaɗawa, mai waken nan ma ta yafe. Sai dai mai tabarau ta riga ta gama rubutunta tun a minti na shida, alƙalami kuma ba ya komawa baya.

Bukinga suka ci.

Ciza ya je ya mayar wa Karenzo sandarsa, da hannu biyu, ya goge jinin a rigarsa tukuna. Tsohon ya kalle shi da idonsa ɗaya.

"Da hannun nan kake tura ayaba?"

"Da shi, Baba."

"Asara." Ya karɓi sandarsa ya soke a ɗamara. "Zan gaishe maka da teku."

Ciza ya koma gindin mota ya zauna yana cire sartse da haƙori. Litinin na nan tafe, da nonon ayaba shida, da hawan bayan gada. A kansa Dakta na tsaye yana yi wa makaɗa bayanin abin da ya faru, don kada su tafi da jahilci.

"Kun ga illar ba ɗan ƙauye abu mai daraja. Sandunan nan ba su da laifi. Hannuwanku ne ba su waye ba. Na kawo muku ƙarni na ashirin da ɗaya, kun kama shi kamar fartanya. Amma masu ilimi sun gani. Ku lura da yadda matar nan mai tabarau ke kallona tun ɗazu."

Bai rufe baki ba lasifika ta yi ƙara. Ana neman shugaban ƙungiyar Murehe, Dakta Pontien Barampama, a gaban rumfar alƙalai, yanzu yanzu.

Dakta ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ya gyara kwat. Ya ɗauki sandarsa mai hular tagulla, ya ratsa fili a hankali yadda masu hoto za su samu dama. Ciza ya bi bayansa, don ko ba komai a samu abin faɗa a gida.

Mai tabarau ta miƙe tsaye, ta miƙa masa kwando.

"Yallaɓai, gobe akwai wasan ƙwallo a filin nan, rabin 'yan wasan ba su da takalmi. Don Allah a tsince katakon nan tas kafin ku tafi."

Haka jama'ar Gitega suka ga Dakta, wanda ya zagaya duniya, a duƙe da kwat da laktaye yana tsintar ja da fari da kore a cikin ciyawa. Shugaba ya yi gumi. Da kwandon ya cika ya kai bakin fili zai zubar, wata mai gasa masara ta ce a ba ta. Ta jefa guda biyu a murhu, wuta ta tashi fuu har sai da ta ja baya.

"Kai! Yallaɓai, in akwai saura a gida ka aiko min. Shekara goma ina gasa masara, ban taɓa ganin itacen da ke kama wuta kamar wannan ba."

Dakta ya miƙe. Ya share goshi, ya gyara laktaye, ya juyo ya dubi Ciza daga sama har ƙasa.

"Ka ji ko? Sai da na shigo birni na samu wanda ya san abu mai kyau."